Kallon malam-buɗe-littafin dare da rubuta lokutan fitowarsa: tambayoyi da amsoshi

Duk wanda ya taɓa zama ƙarƙashin ƙwan lantarki da damina ya san su. Suna ta kewaya fitila, suna faɗa wa mutum cikin abinci, gari na wayewa a share su da tsintsiya. Akwai masu ɗaukar su hoto, su ƙirga su, su rubuta ranar da kowane iri ya fara fitowa a shekara, ba don ana biyan su ba. Ga tambayoyin da mai son shiga wannan harka ya fi yi.

Wane ƙwaro ake nufi, kuma me ya raba shi da na rana?

Dangin malam-buɗe-littafi ne da suka fi fita da dare. Asun da ke cin tufafi a akwati yana cikinsu, haka ƙanana masu tashi daga buhun masara a rumbu, haka manya masu fiffike kamar tafin hannu. Dukkansu daga ƙwai suke farawa, su zama tsutsa, su ƙudundune cikin ɓawo, sannan su fito da fiffike. Masana sun sa wa kimanin iri 160,000 suna a duniya, alhali na rana ba su wuce 20,000 ba.

Hanya mafi sauƙi ta rarrabewa ita ce duban ƙahonnin nan biyu sirara da ke kansa. Na rana ƙahonsa yana da ɗan ƙulli a ƙarshe. Na dare kuwa nasa zare ne zalla, ko mai gashi-gashi irin na gashin tsuntsu, musamman namiji. Na rana yakan haɗe fikafikansa sama idan ya sauka, na dare ya shimfiɗa su ko ya rufe jikinsa da su. Ba doka ba ce mai tsauri. Akwai wani fari mai ɗigon ja da baƙi, Utetheisa pulchella, da ake tayarwa da rana tsaka cikin ciyawa, amma ɗan gidan na dare ne.

Mutum da hankalinsa ya zauna yana ƙirga ƙwari? Me ake samu?

Amsar tana Birtaniya, inda wannan al'ada ta fi kafuwa. Cibiyar binciken noma ta Rothamsted, da ke arewa da Landan, ta baza tarkunan fitila iri ɗaya a faɗin ƙasar tun 1968, kuma da yawansu 'yan sa-kai ne ke kula da su: malaman makaranta, masu lambu, tsofaffin ma'aikata. Ana kunna su kowane dare, a ƙirga abin da ya shiga. Da aka haɗa lissafin shekara 50, rahoton da aka fitar a 2021 ya nuna yawan manyan nau'o'in ƙwarin ya ragu da kashi 33 cikin 100 tsakanin 1968 da 2017. A kudancin ƙasar kashi 39 ne, a arewa 22.

Ba wani masani ɗaya da zai iya gano wannan, komai iliminsa. Raguwar kashi ɗaya ko ƙasa da haka a shekara ido ba ya ganinta. Sai an sami wanda ya rubuta bara, ya rubuta bana, wani ya gaje shi ya ci gaba. Ƙungiyar Butterfly Conservation, mai aikin kare malam-buɗe-littafi a ƙasar, ta buɗe rumbun tattara bayanan masu sha'awa na ƙasa baki ɗaya a 2007, ya tara sama da miliyan 25. Daga nan aka ga wasu nau'o'in suna fitowa da wuri fiye da da, wasu kuma suna matsawa arewa yayin da ƙasar ke ƙara ɗumi.

Ita kuma Birtaniya iri kusan 2,500 kawai gare ta, kuma an san su ciki da bai. A Afirka ta Yamma lamarin ya sha bamban: ƙwarin sun fi yawa, masu rubutawa kuwa 'yan tsiraru ne. Wanda ya kafa fitila a bayan gidansa a Gumel ko Tasawa, ya riƙe littafi shekara uku, zai iya mallakar bayanin da babu kamarsa a jiharsa.

Waɗanne kaya zan tanada?

Farin zanin gado, igiya, da fitila. A ɗaure igiya tsakanin itatuwa biyu ko a jikin katanga, a rataya zanin, a bar gefensa na ƙasa ya kwanta a ƙasa domin wasu ƙasa suke sauka. A sa fitilar gabansa.

Ba kowace fitila ce ke jan su daidai ba. Sun fi zuwa ga haske mai shuɗi-shuɗi, irin na fitilar duba jabun kuɗi. Farin ƙwan sola ko fitila mai caji ma suna kawo su, sai dai ba da yawa haka ba. Ƙwai mai haske ja shi ne koma-baya. Masu harkar a Turai sun daɗe suna amfani da ƙwan makuri mai wat 125, amma yana zafi, yana cin wuta, kuma an daina ƙera shi a wurare da dama. Inda wuta ba ta tsayawa, ƙaramar fitila da batirin cajin waya sun fi rufin asiri. Abin da ya fi muhimmanci shi ne ka tsaya kan fitila ɗaya. In ka canza ta tsakiyar shekara, ba za ka san ko ƙwarin ne suka ƙaru ko hasken ne ya ƙaru ba.

Mai son barci sai ya haɗa tarko: bokiti, mazurari a bakinsa, fitila a sama, a zuba gutsattsarin kiret ɗin ƙwai na kwali a ciki don su sami wurin laɓewa. A huda ƙasan bokitin saboda ruwan sama. A duba shi da asuba kafin rana ta taɓa shi, domin zafin hantsi yana kashe su nan da nan.

Me ke kai su wurin fitila?

An daɗe ana cewa wata suke zato. Wani bincike da aka buga a 2024, wanda aka yi da kyamarori masu saurin ɗauka a Landan da Kosta Rika, ya nuna wani abu daban. Ƙwaro mai tashi yana juya bayansa ga inda ya fi haske, domin a ɗabi'a sama ce ta fi haske, da haka yake sanin ina ne sama ina ne ƙasa. In ya wuce kusa da fitila sai ya ba ta baya, ya yi ta kewaya ta, wani lokaci ya kife ya faɗi. Wato ba son hasken yake ba, rikicewa yake yi.

Wane dare ya fi kyau?

Dare mai ɗumi, mai laima, ba iska, ba farin wata. Hadari in ya rufe sama bai zubar ba, ko kwana ɗaya biyu bayan ruwa, nan ake cika zani. Yayyafi ba ya hana su. Iska mai ƙarfi da sanyin hunturu su ne ke hanawa.

Wata yana da tasiri sosai, kuma a nan mai bin kwanan watan Musulunci ya huta. Daga 11 zuwa 16 ga wata fitilarka ba ta da wani kwarjini. Daga wajen 19 wata yana jinkirin fitowa, farkon dare ya yi duhu, har zuwa kwanakin farko na sabon wata. A kunna fitila da magariba. Akwai masu zuwa kafin isha, akwai waɗanda sai dare ya raba, manyan ma sukan makara.

Me zan rubuta?

Nan ne aikin yake. Hoto mai kyau da ba kwanan wata ba wuri ado ne kawai. Duk bayani sai ya amsa abu huɗu: mene ne, a ina, yaushe, wa ya gani.

Wurin a faɗe shi takamaimai. "Kano" bai isa ba. A sa unguwa ko ƙauye, in da hali a ɗauki lambobin wurin daga taswirar waya. Kwanan wata kuwa, ƙa'idar da masu harkar ke bi ita ce a rubuta ranar da aka kunna fitila, ko da ƙwaron da asuba aka gan shi. A kula da wannan, domin mu a lissafinmu daren Juma'a shi ne wanda ya biyo bayan yinin Alhamis, sai a sami mutum biyu sun ba dare ɗaya rana biyu. A rubuta kwanan watan Bature na yammacin da aka kunna, a sa na Musulunci kusa da shi, ka ga an san halin da wata yake ciki ba sai an yi dogon bayani ba.

Sannan a ƙara da lokacin kunnawa da kashewa, irin fitilar, ko akwai iska, da adadin kowane iri. In sun yi yawa a kimanta, amma a nuna kimantawa ce. Abu guda da littattafan Turai ba su damu da shi ba, mu kuwa shi ne ginshiƙi, shi ne ruwan sama. A rubuta ranar ruwan shuka, a rubuta duk ruwa mai ƙarfi bayansa. A can ɗumi da tsawon yini ke tayar da ƙwari. A ƙasar Hausa yawanci ruwa ne. "Na fara ganin sa 20 ga Yuli" magana ce rabi. "Na fara ganin sa 20 ga Yuli, kwana 32 bayan ruwan shuka" ita ce cikakkiya.

Kuma kada a raina na kullum. Sabon shiga yakan ɗauki babba mai ado ya bar ƙananan masu ruwan ƙasa da suka cika zanin. A ganina an juya abin ke nan. Wanda ake gani sau ɗaya a shekara biyar ba ya nuna sauyin komai. Wanda ke zuwa ɗari bana, talatin baɗi, shi ke ba da labari.

In na kunna ba abin da ya zo fa?

A rubuta "babu". Daren Janairu da ba ko ɗaya shi ke tabbatar da cewa fitowar Yuni fitowa ce. In ba a rubuta ba, mai karantawa ba zai bambance daren da ba ƙwari da daren da ka yi barci ba. Akwai wani shiri na masu lambu a Birtaniya da kowa ke kunna tarkonsa dare ɗaya tsayayye a kowane mako, daga Maris zuwa Nuwamba, ko yanayi ya yi kyau ko bai yi ba. Tsarin ya dace da mu: zaɓi dare ɗaya a mako ka riƙe shi.

Me zan sa ran gani a kowane lokaci na shekara?

Da rani zanin yakan zama kusan wayam, sai kusa da fadama da lambunan noman rani. Ba mutuwa suka yi ba. Wasu suna kwance cikin ƙasa a ɓawonsu, wasu tsutsotsi ne cikin busasshen kara. Tsutsar da ke huda karan gero, Coniesta ignefusalis, da ta dawa, Busseola fusca, a cikin karan da aka tara ko aka yi danga da shi suke cin rani, ruwa na sauka su zama masu fiffike.

Ruwan farko yakan kawo gina kafin kowa, har ta hana ka ganin zanin. A yi haƙuri da ita dare ɗaya ko biyu. Bayan nan abin ya fara cika. Inda akwai kaɗanya, uwar tsutsar nan da ake ci, Cirina, tana fitowa farkon damina ta yi ƙwai a reshe, 'ya'yanta su cinye ganyen tas kafin su sauka su shige ƙasa sai baɗi. Nufawa suna cin ta, a Bobo-Dioulasso ta Burkina Faso kuwa kasuwa ce guda. Inda akwai magarya ana iya dacewa da Epiphora bauhiniae, ƙato mai tabo kamar taga a kowane fiffike.

Tsakiyar damina zuwa kaka shi ne ganiyar abin. Lokacin ne masu jiki kamar jirgin yaƙi da dogon harshe naɗaɗɗe suke yawa. Agrius convolvuli, wanda tsutsarsa ke cin ganyen dankalin Hausa, harshensa ya fi jikinsa tsawo. Acherontia atropos yana da zanen ƙoƙon kan mutum a gadon bayansa, yana ƙara in an taɓa shi, kuma yana shiga amya ya sha zuma. Irinsa yana ƙetarawa tsakanin Afirka da Turai. A wani bincike da aka buga a 2022, masana a Jamus sun manna wa wasu 'yar na'ura, suka bi su da ƙaramin jirgin sama, suka ga suna miƙe hanya ɗoɗar har kusan kilomita 80 ba tare da iska ta karkatar da su ba.

Hunturu na busawa sai lissafi ya faɗi.

Ban san sunan ko ɗaya ba. Yaya zan yi?

Ba ka buƙatar suna kafin ka fara. Ɗauki hoto daga sama, fikafikai su fito sosai, ka ƙara ɗaya daga gefe. Ajiye rula ko tsinken ashana kusa da shi don a san girmansa. Ka ba shi lamba ko laƙabinka, "mai ɗigo biyu", "koren nan", ka ci gaba da ƙirga shi da wannan har ranar da sunan zai samu.

Manhajar iNaturalist kyauta ce. Kana ɗora hoto da wuri da rana, wasu su taimaka da suna. In aƙalla mutum biyu suka sa suna, kuma sama da kashi biyu cikin uku suka yarda da shi, bayanin yakan wuce zuwa GBIF, rumbun bayanan halittu na duniya da masu bincike ke ɗiba. Manhajar tana ba da nata hasashe, amma a yi hattara: ta fi ƙwarewa kan ƙwarin Turai da Amurka, inda hotuna suka yi yawa, tana iya laƙa wa ƙwaron Katsina sunan na Kanada. Shafin AfroMoths, wanda Jurate da Willy De Prins na Beljiyam suka kafa, ya tattara sunayen na Afirka da ƙasashen da aka san su. Wasu nau'o'in hoto ba ya raba su sai masani ya duba cikinsu da madubin ƙara girma. A irin wannan, tsayawa kan sunan dangi ya fi sa sunan da ba shi ba ne. Mai ɗorawa daga gida kuma zai iya ɓoye ainihin wurin a manhajar.

Akwai abin da manomi zai ƙaru da shi?

Akwai, domin manyan maƙiyan gona da yawa 'ya'yan waɗannan ƙwari ne, kuma uwa tana riga tsutsa bayyana. Murzuna mai sassaƙe zangarniyar gero a karkace, Heliocheilus albipunctella, sau ɗaya take haihuwa a shekara: uwar tana fitowa kimanin wata ɗaya bayan ruwa ya zauna, ta yi ƙwai kan geron da ke fitar da kai. A Nijar, cibiyar binciken noma ta ƙasar, INRAN, da abokan aikinta suna sakin wani ɗan mitsitsin zanzaro, Habrobracon hebetor, da ke kashe tsutsar, kuma sakin yana son a dace da lokaci.

Tsutsar masara 'yar Amurka, Spodoptera frugiperda, an fara tabbatar da ita a Afirka a farkon 2016, a kudu maso yammacin Najeriya da tsibirin Sao Tome. Ba ta kwanciyar rani, don haka masarar fadama ke riƙe ta har damina. A shekarar ce kuma Tuta absoluta, wadda manoman Kano ke kira sharon, ta cinye tumatir har jihar Kaduna ta ayyana dokar ta-ɓaci a kansa. Maruca vitrata mai huda furen wake da kwansonsa tana da sauƙin ganewa a zani saboda fararen tagogin da ke fiffikenta. Saboda ita cibiyar binciken noma ta Samaru ta fitar da irin wake SAMPEA 20-T a 2019.

Sai dai ganin uwa a fitila ba umarnin fesa magani ba ne. Alama ce ta a shiga gona a duba ganye, a kuma tuntuɓi malamin gona. Mafi yawan abin da ke sauka a zaninka bai taɓa cin amfanin kowa ba. Wasu suna ɗaukar garin fure daga wannan zuwa wancan da dare, kuma su ne abincin jemagu da tsuntsaye.

An ce wasu ba sa zuwa fitila?

Haka ne. Su da zaƙi ake kiran su. A dama ayaba ko mangwaron da ya nuna ya wuce da mazarƙwaila, a bar shi ya kwana biyu ya yi tsami, a shafa a jikin itace da magariba, a dawo da tocila bayan isha. Masu huda lemo da mangwaro su tsotse ruwan, dangin Eudocima da Achaea, sun fi zuwa nan. Tururuwa ma za ta zo, don haka kada a shafa kusa da ɗaki.

Da haɗari?

Su kansu ba sa cizo ba sa harbi, hodar fiffikensu kuma ba guba ba ce, sai dai a wanke hannu kafin a taɓa ido. Gizaka da sauran tsutsotsi masu gashi su ne ba a taɓawa. Matsalar tana ga 'yan rakiya: kunama da kwaɗi suna zuwa farauta gindin zani, maciji kan biyo kwaɗi, akwai kuma ƙwarin da in an murje su a fata suke tayar da ƙuna. A sa rufaffen takalmi da riga mai dogon hannu, a hure ƙwaro in ya sauka a jiki maimakon a mare shi. Kada a ƙura wa fitila mai shuɗin haske ido. Maganin sauro na hayaƙi ko fiya-fiya kusa da zani ɓata aikin ne gaba ɗaya.

A gaya wa maƙwabta da 'yan sintirin unguwa tun da rana. Farin ƙyalle da shuɗin haske da mutum a tsugune ƙarfe ɗayan dare abu ne da ke son bayani. Inda ba tsaro kuwa, kada a fita daji saboda ƙwaro. Tsakar gida ta wadatar.

Ba na cutar da su?

In an kula, kaɗan ne. Kada a kunna kowane dare a wuri ɗaya, a bar su su ci su yi barbara. Na cikin tarko a ajiye su a inuwa, a sake su cikin ciyawa ko ganye da yamma, a riƙa canza wurin, domin kaji da ƙadangaru suna saurin gane inda ake rabon abinci. Ba a kama su ta fiffike.

Wai da gaske rigar tsamiya daga irin waɗannan ƙwari take?

Da gaske. Tsutsotsin dangin Anaphe suna taruwa da yawa su saƙa gida ɗaya a jikin itace kamar tsamiya da doka. Shi ake tafasawa da toka, a kaɗa zaren, a yi saƙa ko aikin wuyan babbar riga. Yarbawa suna kiran nasu sanyan. Wanda ya ga irin wannan gida ya ɗauki hoto, ya rubuta sunan itacen da watan, amma ya bar shi a wurin. Gashin da ke ciki yana sa ƙaiƙayi.

Ana yin abin a ƙungiyance?

Akwai makon kallon su na duniya da aka faro a jihar New Jersey ta Amurka a 2012, ana yin sa a ƙarshen Yuli, lokacin da ya faɗo tsakiyar daminarmu. Kowa zai iya shiga daga inda yake. Malamin kimiyya a makarantar kwana zai iya rataya zani bayan ɗakin karatu, ɗalibai su raba aiki: masu hoto, masu ƙirga, mai rubutu. A ajiye littafin a makarantar, 'yan aji na gaba su ɗora daga shafin da aka tsaya, a kuma riƙa ɗaukar hoton shafukan ana adanawa saboda gara da ruwa.